Canza gilashin fokas na kyamara: wanne ya dace da mai saita fokas da hannu, kuma me zai yi wa awon haske?

Masu sana'ar hoto da dama a Birnin Kebbi, Argungu, Jega da Yawuri suna aiki ne da kyamarorin DSLR, wato na dijital masu madubi a ciki, da suka saya sakan, kuma tsadar lensi mai atomatik, wato mai saita fokas da kansa, ta sa wasunsu sun koma ga tsofaffin lensi na zamanin fim, irin su Helios 58mm f/2, Takumar 50mm f/1.4 da Nikkor AI-S, ko kuma Samyang 85mm f/1.4 wanda tun daga kamfani ba shi da atomatik. Akwai kuma waɗanda ba da son ransu suka shiga wannan layi ba, domin wanda ya ɗora Nikkor 50mm f/1.8D a kan D3200 ko D5200 zai tarar cewa bodin ba shi da motar da za ta juya lensin, dole sai da hannu. Kukan dukkansu ɗaya ne: a tagar leƙe fuskar amarya ta fito tas, amma da aka buɗe hoton a kwamfuta sai aka ga idon ya dushe, ɗan kunne ne ya fito. Sau da yawa laifin ba na idon mai hoton ba ne, na ɗan gilashin da ke saman madubin kyamara ne. Wannan rubutu na wanda yake tunanin canza shi ne, amma ya rasa wanne zai saya, ko ma ya bar wanda kyamarar ta zo da shi.

Yadda abin yake aiki

Hasken da ya shigo ta lensi yana faɗa wa madubi, madubin ya tura shi sama zuwa wani siririn faranti mai kaushi a fuska ɗaya, a nan hoton yake zama, sannan firizim ya miƙe shi ya kai wa ido. Wannan faranti shi ne gilashin fokas, kuma na roba ne mai saurin karcewa. Akwai abubuwa biyu da ya kamata a riƙe tun daga nan, domin duk kwatancen da zai biyo baya a kansu ya ginu. Na farko, sensar fokas ta atomatik tana ƙasan akwatin madubi, haskenta yana ratsa babban madubin ya bi ta wani ƙaramin madubi da ke bayansa, saboda haka canza gilashi ba ya taɓa atomatik ko kaɗan. Na biyu, ma'aunin haske yana sama, kusa da firizim, kuma hasken da yake aunawa sai ya ratsa gilashin fokas kafin ya iso gare shi. Duk wanda ya canza gilashi ya canza abin da ma'aunin yake gani.

Gilashin da kamfanoni ke sakawa tun da atomatik ya zama ruwan dare an ƙera shi ne domin taga ta yi haske ko da an ɗora lensi mai ƙaramar ƙofa kamar 18-55mm f/3.5-5.6 (ƙofa ita ce ramin da haske ke bi cikin lensi, kuma ƙaramar lambar f tana nufin babbar ƙofa). Ribar ke nan, amma akwai hasara: irin wannan gilashi ba ya nuna bambancin da ke tsakanin f/2.8 da abin da ya fi shi buɗewa. Ka buɗe zuwa f/1.4, taga za ta ci gaba da nuna maka zurfin fokas kusan na f/2.8. A lensi 85mm, idan mutum yana mita 2 daga kyamara mai cikakkiyar sensa, wurin da zai fito tas a f/2.8 kusan santimita 9 ne, a f/1.4 kuwa bai cika santimita 5 ba. Cikin wannan tazara idon amarya yake ɓacewa.

Ma'aunan da za a yi hukunci da su

Abu na farko shi ne ko gilashin yana nuna ainihin inda fokas ya faɗa. Na biyu hasken taga, musamman ga wanda yake ɗaukar kamu ko walima da daddare a ƙarƙashin fitila ɗaya ta janareto. Na uku, wanda yawancin masu saye ba sa tunawa da shi sai bayan sun biya kuɗi, shi ne abin da gilashin zai yi wa awon haske. Daga nan sai farashi, ƙarko, sauƙin sakawa, da haɗarin da ke tattare da buɗe kyamara a garin da ƙurar hunturu ke shiga ko'ina daga Nuwamba zuwa Fabrairu.

Kafin a kai ga kowane daga cikin waɗannan, akwai tambayar da ke yanke rabin gardamar: shin kamfanin da ya ƙera bodinka ya yarda a canza gilashinsa? A Canon, 5D na farko na 2005 yana karɓar jerin Ee, 5D Mark II na 2008 da 6D na 2012 suna karɓar jerin Eg, 40D, 50D da 60D suna karɓar Ef, 7D Mark II na 2014 yana karɓar Eh, manyan EOS-1 kuma jerin Ec. Amma 7D na farko, 70D, 5D Mark III, 5D Mark IV da 6D Mark II ba a yi su domin mai kyamara ya canza gilashi da kansa ba. A Pentax, K-7, K-5 da K-3 ana canza musu. A Nikon kuwa, in ban da manyan irin su D3, kamfanin bai buɗe wannan ƙofa ba, har D700 da Df. Wanda bodinsa yake cikin waɗanda ba a yarda ba zai iya sa gilashin wani kamfani, amma babu wani saiti a cikin kyamarar da zai gyara masa awon haske.

Zaɓi na farko: barin gilashin asali

Wannan ba ya cin ko kwabo, ba ya buƙatar a buɗe komai, kuma awon haske yana nan yadda kamfani ya saita shi. Babu gilashin da za a ambata a ƙasa da ya fi shi haskaka taga. Mai Nikon yana da ɗan koren ɗigo a ƙasan taga da ke kamawa idan fokas ya zauna, a manyan bodi har da kibiyoyi biyu da ke nuna ɓangaren da za a juya zobe, kuma yana aiki ko da tsohon lensi marar waya a jikinsa, wato wanda ba ya aika wa bodi bayani ta lantarki. Mai Canon ba ya samun wannan alama da tsohon lensi sai adaftarsa tana da ɗan guntun cif a jiki.

Rauninsa shi ne ɗigon yana da sassauci. Yakan kama ya zauna yayin da zoben fokas yake iya ɗan motsawa gaba ko baya, kuma wannan ɗan motsi a f/1.4 ya isa ya ɓata hoto, ko da yake a f/4 ko f/5.6 ba za a lura ba. Kuma ido yana barin fuskar mutum ya koma ƙasan taga yana neman ɗigo, a daidai lokacin da murmushin da ake jira yake wucewa. Kafin a yanke wa gilashin asali hukunci, ya kamata a fara juya ɗan ƙaramin zoben da ke gefen taga har lambobin ciki su fito tsaf ga idonka, domin mutane da yawa suna aiki da saitin idon wanda suka sayi kyamarar a hannunsa. Akwai kuma ɗan tabaran ƙara girma da ake ɗaurawa a bakin taga, kamar DK-17M da DK-21M na Nikon, wanda yake ƙara girman hoton da kusan kashi ɗaya cikin biyar ba tare da an taɓa cikin kyamara ba.

Zaɓi na biyu: gilashi mai tsananin kaushi na kamfanin kyamarar

A Canon su ne masu harafin S a ƙarshe: Ee-S, Eg-S, Ef-S, Eh-S da Ec-S. Babu da'ira ko tsaga a tsakiyarsu, fili ne kawai, amma kaushinsa yana watsa haske ta yadda abin da ba ya cikin fokas yake dushewa sosai, abin da ke ciki kuma ya yi tsalle ya fito. Amfaninsa babba shi ne ana iya saita fokas a kowane ɓangare na taga. Idan mai martaba yana gefen dama na hoto a kan doki ranar hawan sallah, ba sai an kawo fuskarsa tsakiya an saita sannan a mayar ba, wanda shi kansa yana jawo kuskure a buɗaɗɗiyar ƙofa.

A kan awon haske, wannan zaɓi ya yi wa sauran fintinkau, saboda a cikin menu na Custom Function na yawancin waɗannan kyamarori akwai wurin da ake gaya wa bodi irin gilashin da aka saka, shi kuma ya gyara lissafinsa. Wanda ya manta da wannan saiti ya zama kamar mai awon hatsi da aka musanya wa tiya ba a gaya masa ba, yana ta awo da gaskiyarsa amma kowane buhu ba daidai ba. Da zarar an saita, dukkan hanyoyin awo huɗu suna aiki, har da na ɗigon tsakiya, wanda ke auna ɗan ƙaramin wuri kawai a tsakiyar taga.

Kuɗinsa lokacin da yake cike da shaguna bai kai dala 50 ba, sai dai yanzu da Canon ya mayar da hankali ga kyamarori marasa madubi samunsa sabo yana ƙara wuya, kuma sai an yi oda daga waje ko an nemi sakan. Sakawa ba ta wuce 'yan mintoci. Yana zuwa cikin ɗan akwatin roba tare da hantsakinsa na musamman. Ana cire lensi, a kwantar da kyamara fuskarta sama, a taɓa ɗan maƙullin da ke saman akwatin madubi da bakin hantsakin sai firam ɗin ya sauko, a kama kunnen tsohon gilashi a ɗaga shi a tsayar a ramin da aka tanada cikin akwatin, a ɗora sabon, a tura firam ɗin sama har ya ce ƙas. Kaurinsa daidai yake da na asali, saboda haka ba a cika buƙatar gyaran zama ba.

Aibinsa ɗaya ne, amma ba ƙarami ba ne: an yi shi domin lensi mai f/2.8 ko wanda ya fi shi buɗewa. Ka ɗora 24-105mm f/4 taga ta ɗan yi duhu, ka ɗora 70-300mm da ke ƙarewa a f/5.6 ta yi duhu sosai, da magariba kuwa sai ka riƙa laluben fuska. Atomatik zai ci gaba da aikinsa, amma ido ba zai ji daɗi ba. Masu Pentax suna da ME-60, fili marar zane, wanda ya fi na asali tsabtar gani duk da bai kai na Canon ɗin tsananin kaushi ba.

Zaɓi na uku: gilashi mai tsagaggiyar da'ira

Wannan shi ne wanda tsofaffin masu hoto na zamanin fim suka sani. A tsakiyarsa akwai da'ira da aka raba biyu, kewaye da ita kuma zobe mai ƙyalƙyali. Idan fokas bai zauna ba, duk wani miƙaƙƙen layi da ya ratsa da'irar, kamar bakin ƙofa, sandar dogari ko gefen rawani, zai karye biyu, rabi ya zame hagu rabi dama. Ana juya zobe har su haɗu. Babu kokwanto a ciki, ko mai raunin ido yana ganin layi ya karye ko ya haɗu, kuma wannan ne ya sa a ƙananan bodi irin su D3200 ko 700D, waɗanda tagarsu ƙarama ce kuma da madubai aka yi ta ba firizim ba, ya fi taimako fiye da gilashi mai kaushi zalla.

Yana zuwa ta hanyoyi uku. Akwai na kamfanin kansa, kamar Ec-B da Ec-L na manyan EOS-1. Akwai waɗanda wasu ƙananan masana'antu ke yankawa daga gilashin asali, yawanci gilashin K3 na kyamarar fim Nikon FM3A ta 2001 ko na jerin Ec, su rage shi daidai girman bodinka. A wannan aji kamfanin KatzEye na Amurka ya yi suna, kuɗin nasa ya haura dala 100, amma ya daina aiki, sai dai a samu sakan. Sai kuma masu araha marasa suna da ke cike a kasuwannin intanet, waɗanda kuɗinsu bai kai na Canon ba, ingancinsu kuma sai abin da aka tarar: wani da'irarsa ba ta tsakiya, wani kaurinsa ya saɓa, wani ya iso da karce.

Matsala ta farko ita ce baƙin rabi. Firizim biyu da ke cikin da'irar suna kallon gefe biyu ne na lensi, saboda haka idan ƙofar ta ƙanƙance zuwa wajen f/5.6, rabi ɗaya yakan yi baƙi ƙirin, sai an daidaita ido tsaf a tsakiyar taga kafin ya dawo, a ƙasa da haka kuma ba ya dawowa. Lensin 18-55mm da yawancin ƙananan kyamarori ke zuwa da shi yana f/5.6 ne a 55mm, wato daidai bakin wannan rami. Mai tsohon lensi ta adafta yana da nasa ƙarin aiki, domin ƙofar tana rufewa da gaske idan ya juya zobenta, dole ya saita fokas a buɗe sannan ya rufe zuwa inda yake so kafin ya danna.

Matsala ta biyu ita ce awon haske, kuma a nan ya kamata mai saye ya tsaya ya yi dogon tunani. Awon ɗigon tsakiya a 5D Mark II yana karanta kusan kashi 3.5 cikin ɗari na taga, awon yanki kuma kusan kashi 8, duka a tsakiya, wato daidai inda da'irar ta zauna. Da'irar ba ta watsa haske kamar sauran fuskar gilashin, karkatar da shi take yi, kuma yawan abin da take kaiwa ga ma'auni yana canzawa da girman ƙofar lensi. Idan ta yi duhu da lensi mai ƙaramar ƙofa, ma'auni zai ɗauka wurin babu haske ya ƙara, farar shadda ta ƙone ta rasa zarenta. Da wani lensin kuma kuskuren ya ragu ko ya juya. Saboda kuskuren ba ɗaya ba ne a kowane lensi, ba a iya gyara shi da lamba ɗaya a bar shi. Canon da kansa ya rubuta a littafin manyan EOS-1 cewa da gilashinsa masu firizim a tsakiya ba za a samu awo daidai ba ta hanyar awon dukkan fili ko ta ɗigon tsakiya, a koma ga awon da ke fifita tsakiya. Idan haka kamfani ya ce game da gilashin da ya ƙera wa kyamararsa, ba a sa ran wanda aka yanko daga wani wuri ya fi shi.

Wannan asara tana da nauyi a yankinmu fiye da wasu wurare. Hoton ɗaurin aure da rana tsaka maza ne cikin fararen manyan riguna da fuskoki masu duhu a ƙarƙashin hula, kuma awon dukkan fili yakan ruɗu da farin ya rage haske har fuska ta nutse. Mafitar ƙwararru ita ce a auna kunci da ɗigon tsakiya a gyara daga nan. Haka a bakin Matan Fada lokacin bikin kamun kifi na Argungu, inda ruwa ke walƙiya bayan masunta da gorunansu. Wanda ya sa tsagaggiyar da'ira ya ba da wannan makami, sai ya koma saita haske da hannu yana duba histogiram, wato zanen da ke nuna yawan haske da duhun hoto, bayan kowane canjin haske. Ga wanda ya saba da hakan ba wani abu ba ne, kuma mai D3200 ko D5200 da tsohon AI-S ba shi da abin da zai rasa, tun da waɗannan bodi ba sa auna haske da lensi marar waya ko da wane gilashi ne.

Matsala ta uku ita ce zama. Nisan lensi zuwa gilashi ta madubi dole ya yi daidai da nisan lensi zuwa sensa, kuma kamfani yana cike ɗan bambancin da ya rage da wasu siraran firam na ƙarfe da ake kira shim. Idan sabon gilashi bai zauna inda tsohon ya zauna ba, layi zai haɗu a taga amma hoton ya fito fokas a gaba ko a baya. Gyaran shi ne a ƙara shim ko a rage, a rufe, a gwada, a sake buɗewa, kuma kowace buɗewa dama ce ga ƙura, ga karcen hantsaki, ga hannu ya taɓa madubi. A wasu bodi kuma alamomin wuraren atomatik a jikin gilashin suke, sabon yana iya zuwa babu su.

Zaɓi na huɗu: gilashi mai layukan raga

Eg-D, Ef-D, nau'in E na Nikon da ML-60 na Pentax gilashin asali ne da aka zana wa layuka. Suna taimakon mai ɗaukar gini, kamar gidan tarihi na Kanta ko masallaci, kada bango ya karkace, kuma ba sa dagula awo. Ba sa ƙara komai ga fokas na hannu, kada a saye su da wannan niyya. Yawancin bodin Nikon ma suna kunna irin layukan daga menu.

Zaɓi na biyar: barin taga gaba ɗaya

Tun daga 40D na 2007 yawancin Canon suna da Live View, inda madubi ke ɗagawa hoto ya fito a allon baya kai tsaye daga sensa, a ƙara girmansa sau 5 ko sau 10. Babu hanyar da ta kai wannan daidaito, saboda abin da ake gani shi ne abin da za a ɗauka, kuma awon haske a lokacin ba ya bi ta gilashin fokas. Ga hoton fasfo, kayan sayarwa ko zaman situdiyo a kan ƙafa uku, gardama ta ƙare a nan. Amma a filin idi allon baya ba ya ganuwa da rana, batir yana saurin ƙarewa, sensa tana ɗaukar zafi a watan Afrilu da zafin Kebbi ke haura digiri 40, kuma riƙe kyamara nesa da fuska yana kawo girgiza. Kyamara marar madubi, irin Sony A7 da ta fito a 2013, ta kawo duk wannan cikin taga, da ƙara girma da launin da ke haskaka gefunan abin da ke cikin fokas, kuma kusan kowane tsohon lensi yana hawanta da adafta. Sai dai kuɗinta na sabon bodi ne, ba na ɗan faranti ba.

| Zaɓi | Daidaiton fokas | Hasken taga | Awon haske | Kuɗi | Sakawa da haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Gilashin asali | Mai kyau daga f/4, mai rauni a f/1.4 | Mafi haske | Daidai | Babu | Babu |
| Mai tsananin kaushi na kamfani | Mai kyau a ko'ina cikin taga | Duhu bayan f/2.8 | Daidai idan an saita menu | Matsakaici | Mai sauƙi |
| Tsagaggiyar da'ira mai inganci | Mai kyau ƙwarai a tsakiya | Rabi yana baƙi a f/5.6 | Ɗigon tsakiya ya lalace | Mai tsada | Yana iya buƙatar shim |
| Tsagaggiyar da'ira mai araha | Sai an gwada | Haka nan, ko ya fi duhu | Ba a dogara da shi | Kaɗan | Haɗari mafi yawa |
| Mai layukan raga | Kamar na asali | Kamar na asali | Daidai | Matsakaici | Mai sauƙi |
| Live View ko marar madubi | Mafi daidai | Allo ne | Daga sensa | Babu, ko kuɗin bodi | Babu |

Ƙarko da gwaji

Gilashin fokas ba ya tsufa idan an bar shi a wurinsa, hannu ne ke kashe shi. Ba a goge shi da ƙyalle ko auduga, ba a sa masa sifirit, ba a hura shi da baki. Famfon roba na busa ƙura kawai, kyamara tana kallon ƙasa. Ƙurar da ke kansa ana ganinta a taga amma ba ta fita a hoto, saboda haka ɗigo biyu ko uku ba dalilin buɗewa ba ne. Mafi kyawun lokacin canji shi ne damina, a ɗaki rufe, fanka a kashe. Kada kuma a bar kyamara da dogon lensi ba murfi tana kallon rana, domin lensin yana tara zafin a ciki.

Duk wanda zai canza, ya yi awo biyu. Kafin ya cire tsohon, ya tsayar da kyamara a ƙafa uku tana kallon bango mai launi ɗaya a inuwa, ko kati mai ruwan toka, ya rubuta saurin shota da ma'auni ya bayar da kowane lensi a kowace hanyar awo. Bayan canji ya maimaita nan take kafin rana ta matsa, bambancin da ya fito shi ne gyaran da zai riƙa yi, lensi bayan lensi. Na fokas kuma, ya manna shafin jarida a bango, ya saita ta Live View a girma sau 10, sannan ya leƙa taga ba tare da ya taɓa zobe ba. Idan taga ta yarda da allo, gilashin ya zauna.

Wa ya dace da wanne

Mai 5D, 5D Mark II, 6D, 60D ko 7D Mark II wanda yawancin aikinsa hoton mutum ne da 50mm ko 85mm a buɗe, ya nemi mai harafin S na bodinsa ya saita menu; a ganina shi kaɗai ne canjin da ribarsa ta fi hasararsa ba tare da sharaɗi mai yawa ba. Idan kuma da 24-105mm ko 70-300mm yake cin abinci a bukukuwan dare, ya bar na asali, ko ya ware bodi ɗaya domin lensi masu buɗewa.

Mai ƙaramin bodin Nikon da 50mm f/1.8D ko tsohon AI-S, wanda ya riga ya saba saita haske da hannu, shi ne wanda tsagaggiyar da'ira za ta fi amfana, da sharaɗin ya sayi wanda aka yanka daga K3 tare da shim ɗinsa, ya kuma ba wanda ya taɓa yin aikin ya saka masa, ko da sai ya aika Kano ko Kaduna. Wanda lensinsa ɗaya ne, 18-55mm, kada ya kusanci da'irar. Kuɗin ya fi amfani a wurin lensi mai buɗaɗɗiyar ƙofa.

Mai D700, D750 ko D7200 yana da taga mai firizim, kuma bodin yana auna haske da tsohon AI-S idan an shigar masa da bayanan lensin a menu. Ɗigon kore da tabaran ƙara girma sun ishe shi, ya rufe ƙofa zuwa f/2 ko f/2.8 idan aikin ba ya jure kuskure. Mai 5D Mark III ko Mark IV ya dogara da Live View, kada ya bari a kwance masa saman akwatin madubi saboda gilashin da bodin ba shi da saitinsa. Mai situdiyo da ke ɗaukar fasfo da kayan 'yan kasuwa ba ya buƙatar sayen komai. Wanda kuwa ya tara tsofaffin lensi uku ko huɗu na kamfanoni daban-daban, kuma da su yake son ya ci gaba da aiki, ya haɗa kuɗin gilashi, na oda, na mai sakawa da na adafta mai cif, ya ajiye su a matsayin kason farko na sakan ɗin bodi marar madubi.